Sabis yana ɗaukewa, aikin SSH yana mutuwa: wane umarni zan yi amfani da shi?

sabon_shiga

Assalamu alaikum jama'a. Ina shiga sabar Ubuntu ta SSH (hanyar sarrafa wata kwamfuta daga nesa) da datar waya. Da zarar sabis ya ɗauke, duk abin da ke gudana a taminal sai ya tsaya. Akwai kuma fayil mai kusan giga 6 da nake son saukewa da `scp`, in ya yanke daga farko yake komawa. Mene ne mafita?

mai_linux

Wa alaikumus salam. Matsala biyu ce, bari in ɗauki ta farko.

Idan haɗin SSH ya yanke, sabar tana aika wa shel ɗinka (manhajar da ke karɓar umarninka) siginar SIGHUP mai nuna an katse, shi kuma ya kashe ayyukan da ke ƙarƙashinsa. Maganinta `tmux`, manhajar da ke riƙe zaman taminal a buɗe ko da haɗin ya yanke. Ka girka shi a kan sabar, ba a kwamfutarka ba, nan ne mutane da yawa ke yin kuskure:

`sudo apt install tmux`
`tmux new -s aiki`

Sai ka yi aikinka a ciki. In sabis ya tafi, ka sake shiga ka rubuta `tmux attach -t aiki`, za ka tarar da komai yana tafiya. In kana son fita da kanka ba tare da tsayar da aikin ba, danna Ctrl da b tare, ka saki, sannan ka danna d. `tmux ls` zai nuna maka zaman da ke buɗe.

Don Allah kada ka yi `apt upgrade` a wajen tmux da irin wannan sabis. In ya yanke a tsakiya, wasu manhajoji za su tsaya rabi da rabi, sai ka gyara da `sudo dpkg --configure -a`. Ka kuma sani tmux ba ya tsira idan an sake kunna sabar.

tsohon_hannu

Batun fayil kuwa, ɗan'uwa, ka ajiye `scp`, ba ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yi amfani da `rsync`, dole ya kasance a ɓangarorin biyu, sabar da kwamfutarka:

`rsync -avP suna@sabar:/home/suna/ajiya.tar.gz .`

Harafin P babba yana yin abu biyu: yana nuna yadda aikin ke tafiya, yana kuma ajiye guntun da ya riga ya sauka. In ya yanke, ka maimaita umarnin yadda yake. Sai dai guntun yana ɗauke da ainihin sunan fayil ɗin, mutum zai iya zaton ya kammala. Ƙara `--partial-dir=.guntu` domin ya zauna a folda daban har ya cika. Kada ka sa `-z` a fayil da aka riga aka matse, wahalar da na'ura kawai zai yi.

Wurin kwafe folda ka lura da sanda ta ƙarshe (`/`): `hotuna/` yana kwafe abin da ke ciki, `hotuna` yana kwafe foldar kanta. Kafin ka taɓa `--delete`, gwada da `-n` tukuna ka ga abin da zai goge.

In daga shafin intanet kake saukewa, `wget -c` ne. Bayan an gama, ka kwatanta `sha256sum` na ɓangarorin biyu domin ka tabbatar fayil ɗin ya sauka daidai.

sabon_shiga

Na gode ƙwarai, malamai. Wani lokaci kuma taminal ɗin daskarewa yake yi, ko Ctrl da c ba ya ji.

yar_taminal

Haɗin ne ya mutu, SSH bai gane ba tukuna. Danna Enter, sannan `~`, sannan `.`, nan take zai sake ka. Domin ya riƙa ganewa da kansa, sa wannan a `~/.ssh/config` na kwamfutarka:

`Host *`
`ServerAliveInterval 30`
`ServerAliveCountMax 3`

Bayan daƙiƙa 90 babu amsa, zai rufe.

Ga mai datar waya ina ganin `mosh`, wanda ake shiga sabar da shi a madadin `ssh`, ya fi dacewa, domin yana jure canjin adireshin IP, ko ka koma daga data zuwa Wi-Fi zaman yana nan. Da UDP yake aiki, saboda haka sai ka buɗe masa ƙofofi a kan sabar: `sudo ufw allow 60000:61000/udp`. In ba ka buɗe ba, zai shiga ta SSH lafiya sannan ya tsaya yana jira. Ba ya barin ka koma sama ka karanta abin da ya wuce, don haka ka buɗe tmux a cikinsa, Ctrl da b sannan `[` zai ba ka wannan damar.