Don Allah masana lissafi ku taimaka min da lamba 496

Salam 'yan uwa. Wallahi tun jiya kaina ya ɗaure, ƙanwata ce ta zo da aikin gida wai ta nuna 496 cikakkiyar lamba ce, wato idan ka tara duk lambobin da suke raba ta ba saura, banda ita kanta, sai su dawo maka da ita. Na zauna na yi: 1+2+4+8+16+31+62+124+248, ya ba ni 496 cif, wannan ba matsala.

Inda na maƙale shi ne na lura 6 da 28 su ma cikakkun lambobi ne, 6 ita ce 2×3, 28 kuma 4×7, 496 kuma 16×31, sai na ce ashe na gano dabarar, ai 8×15 ma dole ta shiga layi tunda ita ce a tsakiya, amma da na tara na 120 sai na samu 240, ninki biyu kenan, har sau uku ina maimaitawa da kalkuleta.

To me ya hana ta? Ko don 15 tana rabuwa da 3 da 5 ne, su kuwa 3, 7 da 31 ba mai raba su sai 1 da kansu? In haka ne a yi min bayanin dalilin da sauƙi don Allah, yarinyar ranar Litinin za ta kai.