Neman kalmar Hausa: me za mu kira "gravitational waves"?

Mai Fassara: Malamai, sallama. Ina da rubutu a kan gano "gravitational waves" da na'urorin LIGO na Amurka suka yi ranar 14 ga Satumba, 2015. Na ga wasu suna rubuta "igiyar maganaɗisu". In bi su?

Malamin Fiziks: Kada ki bi su, Malama. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, kuma dangin lantarki ne. Haske da rediyo su ne igiyoyinsa. Wannan kuwa daga ƙarfin janyowa yake, wanda duk abu mai nauyi yake da shi. Einstein ya yi hasashensa a 1916: idan abubuwa masu tsananin nauyi suka riƙa kewaya juna da gudu, sararin da kansa yana miƙewa yana tsukewa, motsin ya bazu da saurin haske. Na 2015 ya fito ne daga baƙaƙen ramuka biyu (abubuwa ne a sararin samaniya da ko haske ba ya iya kuɓuta daga janyowarsu), ɗaya ya ninka rana nauyi sau 36, ɗayan sau 29. Da suka haɗe, 62 aka samu. Nauyin rana uku da suka ɓace su ne suka fita a wannan motsi.

Mai Fassara: To "igiyar janyowa" fa?

Injiniya: Mai karatu zai ɗauka igiyar jan mota ce. "Girgizar sararin samaniya" ma ba ta yi mini ba, don girgiza ita ce babbar abokiyar gabar na'urar. Kowace na'urar LIGO bututu ne biyu da suka haɗu a siffar L, kowanne kilomita 4, an zuƙe iskar cikinsu. Ana raba hasken lesa gida biyu, kowane rabi ya shiga bututunsa, ya yi ta kai-komo tsakanin madubai wajen sau 300, sannan a sake haɗa su. An saita su yadda za su kashe juna, wurin aunawa ya kusa zama duhu. Idan motsin ya ratsa, bututu ɗaya ya ƙara tsawo, ɗayan ya ragu, sai ɗan haske ya tsere. Canjin tsawon ya gaza kashi ɗaya cikin 100 na faɗin furoton (ɗan ƙwayar da ke tsakiyar ƙwayar zarra) nesa ba kusa ba. Motar katako da ke wucewa ko teku mai dukan gaɓa sun isa su binne shi, shi ya sa kowane madubi, mai kilo 40, an rataye shi a lilo mai hawa huɗu.

Malamin Fiziks: Shi ya sa kuma aka gina na'urori biyu, Livingston a Luwiziyana da Hanford a jihar Washinton, tazarar kusan kilomita 3,000. Hayaniyar gida ba ta bayyana a duka biyun da siffa ɗaya. Siginar ta fara isa Livingston, bayan kusan kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa ta isa Hanford. Ni dai ina ba da shawarar "taguwar nauyi", daga taguwar ruwa.

Mai Nazarin Yanayi: Taguwa ta yi, Malam, amma a bar mana "nauyi". Mu muna da "gravity waves", wato motsin iska ko ruwa da nauyi ke mayarwa ƙasa bayan ya tashi, wanda yake jera gajimare layi-layi a bayan duwatsu. Abu ne daban ƙwarai, kuma ko a Turanci ana yawan rikita su. Idan kuka ɗauke "taguwar nauyi", rikicin ya shigo Hausa ke nan.

Injiniya: Gaskiya ne. To a duba abin da yake motsawa. Madubin ba tura shi ake yi ba, tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa ce take canzawa. Sarari ne yake taguwar. A ce "taguwar sarari".

Malamin Fiziks: Na amince. A ambato na farko a rubuta "taguwar sarari ta ƙarfin janyowa", daga nan a taƙaice. Jam'i: taguwoyin sarari. Kada dai a ƙara "samaniya", domin tana ratsa ƙasa da jikinmu yadda take ratsa sama.

Mai Fassara: Na gode, Allah ya ƙara basira. Ga jumlar: "Ranar 17 ga Agusta, 2017, LIGO da Virgo ta Italiya suka kama taguwar sarari daga karon taurarin nutiron biyu." Ta zauna?

Injiniya: Ta zauna, sai gyara ɗaya. Virgo, wato na'ura irin LIGO, ba ta ji siginar sosai ba. Wannan rashin jin ne ya taimaka aka gane ɓangaren sama da ta fito. Ki ce "LIGO ta kama, Virgo ta taimaka wajen gano inda ta fito."