Sulusin da lauya ke ɗauka a jihar Niyok (New York) ta Amurka: haƙƙinsa ne ko cin gumin mai rauni?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, gara in fito da ita a nan. Kun san hatsarin da na yi bara, lokacin da motar kaya ta daki bayan tasi ɗina ina tsaye a danja. Kafaɗata ta lalace, sai da aka yi mini tiyata, wata huɗu ban taɓa sitiyari ba. To an sasanta da kamfanin inshora a kan dala 90,000. Na je ofishin lauya karɓar cek, aka miƙo mini takarda: nasa 30,000, kuɗin ɗawainiya, wato abin da ofishinsa ya ce ya kashe a kan ƙarar, 6,000, nawa 54,000. Ko sau ɗaya ba mu tsaya gaban alƙali ba, kuma sau uku kacal na ga fuskar mutumin. Ni na sha wuƙar likita, ni na kwana ina juyi a kan gado, shi ya tashi da sulusi. Na faɗa a gida, ina kuma faɗa a nan: wannan tsari na "sai an ci a biya" cin gumin mai rauni ne. Da lissafin awa ya yi mini, ba zai kai rabin haka ba.

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara sauƙi, Yaya. Amma don Allah kada ka yi wa lissafin awa kallon rahama, ni na ɗanɗana shi. A shari'ar riƙon yarana, dala 350 lauyata take caji a kowace awa, kuma sai da na ajiye 5,000 kafin alƙalami. Abin da ban gane ba sai da takardar lissafi ta fara zuwa shi ne, awar tasu kashi goma suke raba ta, minti shida shida. In na kira ta na yi tambaya ta minti biyu, an rubuta kashi ɗaya, dala 35 ta tafi. Ta karanta saƙona, 35. Ta ba ni amsa, wata 35. Ranar da muka zauna a barandar kotu tun safe har azahar muna jiran a kira mu, duk zaman nan a kaina ya hau. Cikin wata uku kuɗin ajiyar ya ƙare, aka ce in ƙaro. Har ta kai ina riƙe da waya, ina da abin da ya kamata lauyata ta sani, amma in fasa kira saboda tsoron lissafi. Kuma ba ni da zaɓi, domin ƙa'idar lauyoyin jihar nan ta hana a yi tsarin kaso a shari'ar saki da riƙon yara, haka ma a shari'ar laifi. Kai ka samu wanda ya yi maka aiki ba ka fitar da ko sisi ba a lokacin da ba ka da aikin yi. Ni da na samu haka, da na yi barci.

Baban Hanifa: Na ji, ƙanwata, kuma na tausaya miki. Amma taki shari'ar ta ja, tawa ba ta ja ba. Wanda aka daka ta baya yana tsaye, wace wahala ce a ƙararsa?

Abu Walid: Yaya Baban Hanifa, bari in sa baki, tunda shekarata ta bakwai ke nan ina aiki a ofishin lauyoyi masu ƙarar hatsari. Ni ba lauya ba ne, mai haɗa fayil ne, don haka aikin da ba ka gani ba, a teburina yake wucewa.

Gaskiya ne laifin mai motar kaya a fili yake. Amma a Niyok wannan rabin aiki ne. Inshorar motarka ce ke biyan asibiti ko laifin wa ne, sannan doka ba ta ba ka damar neman diyyar raɗaɗi da wahala sai ka tabbatar da cewa rauninka ya kai mizanin da ta kira rauni mai tsanani. A nan ake fafatawa. Kamfanin inshora zai tura ka wurin likitansa, ya duba ka na ɗan lokaci, ya rubuta cewa kafaɗar dama can ta gaji saboda shekaru da tuƙi, ba hatsari ne ya lalata ta ba. Sai mu bi asibiti asibiti muna tattaro bayanan jinyarka, mu biya likitan da zai karanta hoton kafaɗar ya rubuta rahoton da zai rushe nasu. Buɗe ƙara kaɗai dala 210 ne, neman a ba ta alƙali 95, mai rubuta bayanin shaida ƙarƙashin rantsuwa shi ma da nasa kuɗin. Duk daga aljihun ofis suke fita tun kafin a san ko za a ci.

Sannan a Amurka, in ba wata doka ko yarjejeniya ta ce akasin haka ba, kowa shi ke biyan lauyansa, ya ci ko ya faɗi. Ba kamar Ingila ba, inda yawanci wanda ya faɗi ke ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin lauyan wanda ya kayar da shi. To direban da ya yi wata huɗu a kwance, ina zai samo kuɗin awa da zai ja da kamfanin da ke da lauyoyi a kan albashi? Na ga fayil da muka yi shekara uku a kansa, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce babu komai. Ofis bai samu ko sisi ba, kuɗin ɗawainiya ma ya bi ruwa. Wata tambaya, Yaya: nawa kamfanin ya fara tayawa kafin ka ɗauki lauya?

Baban Hanifa: Sun kira ni ina asibiti, suka ce 12,000.

Kawu Alhaji: Abu Walid, ɗana, ka yi bayani mai kyau, amma ban sauka daga bayan Baban Hanifa ba. Shekarata talatin da ɗoriya a ƙasar nan, na raka mutane ofishin lauya ba adadi. Kana cewa lauya na ɗaukar kasada. Wace kasada, alhali shi ke zaɓen ƙarar da zai karɓa? Wadda ya ga babu nama a jikinta, tun a waya ake sallamar mai ita. Wadda ya karɓa, ya riga ya ƙiyasta cewa za a ci. Kuma in ma akwai fayil ɗin da kuka yi asara a kansa, me ya haɗa shi da kafaɗar wannan bawan Allah? Don me shi zai biya bashin ƙarar wani da bai taɓa gani ba?

Abin da ya fi damuna ma shi ne, ka shiga ofis goma, duk sulusi za su ce maka, kamar sun haɗa baki. Wanda aka sasanta tasa cikin wata tara sulusi, wanda aka yi shekara biyar ana bugawa sulusi. Wane irin ciniki ne wannan da aiki kaɗan da aiki mai yawa farashinsu ɗaya? Ai majalisar jihar da kanta ta san akwai gyara, shi ya sa a ƙarar sakacin likita ta yanka musu: kashi 30 cikin ɗari na dala 250,000 ta farko, 25 na ta biyu, 20 na 500,000 da ke biye, 15 na 250,000 da ke bayanta, abin da ya haura miliyan 1.25 kuma kashi 10. Yi lissafi da kanka. A diyyar miliyan ɗaya lauya zai ɗauki 237,500, maimakon 333,000 da 'yan kai. In an iya yin haka a can, me ya hana a yi wa direbobi?

Autan Zaure: Kawu, a kan maganar haɗa baki, mun karanta wannan a aji. Da can ƙungiyoyin lauyoyi kan buga jadawalin mafi ƙarancin kuɗin da lauya zai karɓa, har Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce hakan ya saɓa wa dokar gasa a kasuwa, a shari'ar Goldfarb ta 1975, wadda ta taso daga jihar Bajiniya. Ke nan yanzu babu dokar da ta tilasta sulusi. Al'ada ce ta zauna.

Abu Walid: Auta ya faɗi daidai, kuma Kawu, ranka ya daɗe, a nan na ba ka gaskiya. Sulusi iyaka ce da ƙa'idar kotu ta sa, ba farashi ba ne da aka saukar. Lauya na iya karɓar ƙasa da haka, kuma na ga an yi. Wani ya shigo ofishinmu da tayin inshora a rubuce, ya ce zai ba da kaso ne a kan abin da aka ƙaro bisa tayin, ko kuma a rage masa in an sasanta kafin a shigar da ƙara. Aka yi ciniki, aka daidaita. Mutanenmu kuwa, mutum zai shigo da ciwo a jiki da kunya a ido, a nuna masa inda zai sa hannu, ya sa, ya yi godiya ya fita.

Sai dai jadawalin sakacin likitan nan da ka kawo, yana da nasa ciwon. Irin wannan ƙarar tana cin kuɗin ƙwararru sosai, ga kason lauya yana raguwa yadda diyya ke ƙaruwa. Ofishinmu ya daina karɓarta gaba ɗaya. Na sha ɗaga waya in ji mace tana kuka a kan abin da aka yi wa mahaifiyarta a asibiti, in ce mata ta nemi wani ofishin, kuma zuciyata na gaya mini can ma abin da za ta ji ke nan. In aka matse kason da yawa, mai ƙaramar ƙara ne zai rasa mai tsaya masa.

Yaya Baban Hanifa, ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar farko. A ƙarar rauni akwai zaɓi biyu. Na ɗaya, ka yarda kuɗin ɗawainiya na wuyanka ko an ci ko an faɗi, sai a cire shi tukuna a raba saura. Na biyu, lauya ya ɗauke maka shi in an faɗi, amma sai ya ɗauki sulusinsa daga jimlar kuɗin tun kafin a cire komai. Lissafinka na biyun ne. Da na farko ne, 84,000 za a raba uku, ya ɗauki 28,000, kai ka tashi da 56,000.

Baban Hanifa: Ga ta a hannuna. Akwai akwatuna biyu a shafi na biyu, an sa alama a na ƙasa, da haruffan sunana a gefe. Rubutuna ne. Amma Allah Ya sani babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga bambancinsu. Hannuna a rataye yake ranar, sakatariya ce ta riƙe mini takardar.

Malam Na Masallaci: Wannan shi ne wurin da ni ma zan tsaya. A fiƙihu akwai ju'ala, wato a sa lada ga wanda ya kawo sakamako, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 72, cewa wanda ya zo da ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda. Don haka asalin "sai an ci a biya" ba baƙo ba ne. Inda malamai suka yi saɓani shi ne in ladan kaso ne na abin da ba a san yawansa ba tukuna. Amma yardar da aka karɓa daga mutum yana cikin zafin ciwo, bai fahimci abin da ya zaɓa ba, wannan kam ba na jin daɗinta, ko da takarda ta cika sharuɗɗan kotu.

Maman Sadik: Malam, abin da ya cece ni daga baya shi ne sanin haƙƙina, kuma ba lauyar ce ta karanta mini shi ba, ni na zauna na bi takardun layi layi. A shari'ar iyali dole ta aiko da lissafi dalla-dalla aƙalla duk kwana 60. Kuɗin kafin alƙalami kuma ba nata ba ne sai ta yi aikinsa. Babbar kotun jihar ta haramta kuɗin ajiyar da ake cewa ba a mayarwa tun 1994, don haka da na sallame ta, sai da ta dawo mini da ragowar. Kuma in rikicin kuɗin lauya ya kama daga dala 1,000 zuwa 50,000, akwai zaman sasanci da kotunan jihar suka tanada, in ka nema dole lauya ya zo, sai dai ban da shari'ar laifi. Da na ambaci wannan a saƙo, awa huɗu aka goge daga lissafina ba tare da mun je ko'ina ba.

Ummu Aiman: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Gobe zan ga lauya a kan takardun zaman mijina, ya ce kuɗi dunƙule zai karɓa, ba awa ba. Wannan ai babu matsala ko?

Abu Walid: Anti, dunƙulen yana da daɗi domin kin san iyakarki tun farko, amma ki tambayi abin da ke cikinsa. Kuɗin da hukumar shige da fice ke karɓa daban ne, ba ya ciki. Ki tambaya: in suka nemi ƙarin hujja, amsar tana ciki? Rakiya ranar ganawa fa? In aka ƙi, ɗaukaka ƙara sabon ciniki ne? Duk aikin da ake sa ran zai kai dala 3,000 ko fiye, ƙa'idar jihar ta wajabta masa ya ba ki takarda da ta fayyace aikin da kuɗin. Ko bai kai ba, ki nema. Ki zo da ita gida ki kwana da ita kafin ki sa hannu.

Kawu Alhaji: Ummu Aiman, 'yata, ƙarfe nawa ne ganawar? In babu mai raka ki, zan sa ɗiyata ta bi ki, Turancinta ya fi nawa.

Baban Hanifa: Abu Walid, na yarda da ban ɗauki lauya ba, da wataƙila 12,000 ɗin nan na karɓa. Wannan na sauka a kai. Amma har yanzu ban yarda aikin wata tara ya kai 30,000 ba, kuma ban yafe akwatin nan da aka sa ni na cika hannuna a rataye ba. Ranar Litinin zan koma ofishin in nemi a ba ni bayanin 6,000 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, da rasit.