Na gama lisans, ina son aikin marayu a ƙungiyar Kirista, ta ina zan fara?

ƴarSabonGari:
Sannunku jama'a, don Allah shawara nike nema. Bana na gama lisans ta sosiyoloji a jami'ar André Salifou nan Damagaram, ni Kirista ce kuma tun ina lise nike koyar da yara ran Lahadi a majami'armu. Abin da ke raina shi ne aikin nema wa marayu da jariran da aka yar iyayen da za su ɗauke su. Abin ya shige ni tun ranar da aka tsinci jinjiri cikin kwali bayan gidanmu da asuba, mamanmu ta kwance zanenta na sama ta naɗe shi aka kai shi komisariya daga nan asibiti, har yau ban san inda ya ƙare ba. Na gani a intanet a Amurka akwai ƙungiyoyin Kirista da aikinsu ke nan kawai, to nan fa? Babana dai cewa yake in jira konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, in shiga gwamnati in bar wannan mafarkin.

TantiSosiyal:
Ɗiyata sannu da ƙoƙari, amma bari in faɗa miki gaskiya tun yanzu kar ki ɓata shekara biyu kina neman ofishin da babu shi. Wancan tsarin na Amurka da ƙungiya ke haɗa jariri da baƙin iyaye har a canza masa suna, nan ba kasuwarsa ba ce. Yaron da aka tsinta ba ƙungiya ke da iko da shi ba, ba fasto ba, ba liman ba, yana hannun ma'aikatar kare yara ta jiha da alƙalin yara, sai kotu ta yanke kafin wani ya ce nasa ne. Kai yaro ƙasar waje kuwa ya ƙara tsauri, akwai yarjejeniyar La Haye ta 1993 wadda Nijar ta shiga a 2021, kuma ƙa'idarta sai an rasa mai riƙo a cikin dangi da cikin ƙasa tukuna. Ba banza aka yi haka ba, ki tambayi manya labarin ƙungiyar Arche de Zoé a Cadi a 2007, Faransawa suka tara yara 103 a Abeche za su hau jirgi da su wai marayun Darfur ne, ashe mafi yawansu ƴan Cadi ne kuma da iyayensu a raye.

Aikin da muke yi kullum shi ne neman dangi. Ni na taɓa yin sati uku ina bin sawun kakar wani yaro, daga tasha zuwa wajen mai unguwa har wani ƙauye bayan Mirya, na tarar da ita tana sussuka, da na faɗi sunan ɗiyarta sai ta saki taɓarya ta zauna ƙasa. Bayan nan sai rahoto, sai neman takardar haihuwa don yaran da yawa ba su da ita, sai komawa duk wata a ga ko yana cin abinci ko an sa shi lakwal. In wannan bai gundure ki ba to kin samu sana'a. Ki nemi sabis sibik ɗinki, wato hidimar ƙasa, ya faɗa ma'aikatar kare yara, shekara biyun nan za ki san alƙalai da ƴan sanda da ungozomomi, kuma su ne jarinki gobe.

MalaminBirni:
Ƙanwata ni Musulmi ne amma bari in sa baki tunda gidajen da za ki shiga kusan duka namu ne. Mu riƙo muka sani, goggo ta ɗauki ɗan ƙanenta, kaka ta ɗauki jika, wadda ba ta haihu ba a ba ta goyo. Addini ma ya kwaɗaitar da kula da maraya ƙwarai, abin da ya hana shi ne a shafe sunan uban yaro a liƙa masa na wani, yana cikin suratul Ahzab aya ta 5, kuma ɗan riƙo ba ya gado sai dai a yi masa kyauta ko wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. In kin san wannan kika shiga gida da shi za a ba ki tabarma. Amma in mutane suka ji ƙanshin cewa ana bin yara da abinci don a canza musu addini to an rufe ƙofa ke nan, kuma ke ma kin san abin da garin nan ya gani a Janairun 2015 da aka ƙona majami'u, ba mai son a koma can. Ki fara da gaida mai unguwa da liman kafin ki buɗe jakarki.

ɗanFuroje:
Tanti ta gama magana, ni ta fannin cin abinci zan ƙara. Ƙungiyoyin Kirista akwai su, World Vision, CADEV ta Katolika, Samaritan's Purse, ga ƴan mishan na SIM masu asibitin Galmi tun 1950. Sai dai ba za ki ga sun rubuta suna neman mai ba da marayu ba, abin da za ki gani shi ne kare yara, tamowa, ilimi, rijiyoyi. Ƙungiyar SOS mai riƙon marayu kuma ba ta coci ba ce amma ita ce ta fi kusa da abin da kike so, tana da ƙauyukan yara a Yamai da Tawa da Doso. Ki iya rubuta rahoto da Faransanci mai tsabta, ki iya Excel, in da hali ki taɓa Ingilishi, Hausarki kuwa ita ce babban makaminki a ƙauye. Kuma kar ki raina maganar baba wallahi, aikin furoje kwantiragi ne na wata shida ko shekara, a 2025 da Amurka ta yanke kuɗin hukumar agajinta ta USAID abokaina nawa suka wayi gari a gida, wani kabu-kabu yake yi yanzu. Ki yi konkur ɗin, ba ya hana komi.

ƴarSabonGari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam ban san zancen wasiyyar nan ba sam. Tanti don Allah in na kai dosiyena ma'aikatar, zan iya roƙon sitaj na koyon aiki ko ba biya kafin sabis sibik ɗin ya fito? Kuma ko suna ajiye rajistar yaran da aka tsinta, ina son in tambayi labarin na bayan gidanmu.

TantiSosiyal:
Sitaj kam ki rubuta takarda ki kai da kanki, ki je da safe. Na yaron kuwa ba za a buɗe miki dosiyensa ba don sirri ne, kuma ke ma ran da kika zauna kujerar haka za ki hana wani.