Dogon zango ko cikin gari: ina kuɗin yake?

Sabon direba: Iyayen gidana, na samu lasin babbar mota, ga aiki biyu a gabana. An ce mini wanda bai bi dogon zango ba bai san kuɗin mota ba. Haka ne?

Tsohon direban tirela: Haka ne, ɗana. Sawu ɗaya kan kawo abin da mai zagayen gari zai yi kwanaki yana nema. Kuma a can ake sanin mota: gangara da lodi, birki ya ɗau zafi, taya ta fashe ba kowa kusa.

Direban cikin gari: Baba, da girmanka, lissafin bai cika ba. Na bi hanyar kafin in dawo gari. Inda ake biya da sawu ko da kilomita, ranar da ka kwana a layin lodi aikin banza ka yi. Cire abin da ka ci a hanya da kuɗin ajiye mota, ka raba ragowar da awannin da ba ka gida. Ratar tsukewa take yi.

Tsohon direban tirela: Kai fa? Sauke kaya wuri goma a yini, ribas a lungu, ƙafa kan kuloci cikin cunkoso. Gwiwa da baya ke biya.

Direban cikin gari: Na yarda. Amma a gadona nake kwana.

Matar direba: Ku bari in sa baki. Ɗanmu ya fara tafiya babansa na hanya, ya kwanta ciwo babansa na hanya. Ban ce a bar aikin ba, da shi muke ci, amma a faɗa wa yaron nan gaskiya.

Mai koyar da tuƙi: Ni gyangyaɗi ke ba ni tsoro. A Tarayyar Turai doka ta ajiye tuƙi a kan awa 9 a yawancin ranaku, da hutun minti 45 bayan awa 4 da rabi. A Amurka awa 11 ne, bayan hutun awa 10. Biyan kilomita kuwa ingiza direba yake ya danne barci. Tambayi mai motar: in ka tsaya ka runtsa kaya suka makara, asarar wa?

Tsohon direban tirela: Malam, wannan tambayar na karɓe ta. Amma ina kan bakana: tun bai ajiye iyali ba, ya yi shekara biyu a hanya ya tara.

Sabon direba: Yaya, awannin jiran lodin nan, akwai masu biyansu? Gobe zan tambaya kafin in sa hannu.