Neman kalma: me za mu kira Safety Rating da iRating da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina da bidiyo da zan ɗora wa murya da Hausa, ranar Juma'a zan miƙa shi. Bayani ne ga sababbin shiga tseren mota na kwamfuta, irin wanda mutum ke zaune da sitiyarinsa a ɗaki yana karawa da wasu ta intanet. A manhajar tseren da ake kira iRacing kowane direba lambobi biyu ke bin sa. Safety Rating daga 0.00 zuwa 4.99 yake, shi ke kai ka daga ajin 'yan koyo zuwa lasin D, C, B har A. iRating kuwa daga 1350 ake farawa, yana hawa yana sauka gwargwadon waɗanda ka wuce da waɗanda suka wuce ka. Na uku, ƙa'idojin zama lafiya a kan titin tsere, waɗanda ba duka aka rubuta ba. A taimaka mini da suna uku da za su zauna a baki.

Ɗalibar Harshe: Wa alaikumus salam. Na uku ai a fili yake: ladabin tsere. Na farko makin ladabi, na biyu makin gwaninta.

Tsohon Sitiyari: Ladabin tsere na yarda, makin gwaninta ma ba laifi. Amma makin ladabi kuskure ne, ƙanwata, kuma zai ɓatar da sabon shiga tun ranar farko. Na'urar iRacing ba ta san mai laifi ba. Lissafi kawai take yi: kwana nawa ka sha, matsala nawa ta same ka. Ka sauka daga titi, a rubuta maka matsala ɗaya, wato 1x. Mota ta juya da kai ko ka bugi bango, 2x. Kuka yi karo mai ƙarfi da wani, 4x, ku biyun duka, ko da kana tafiyarka lafiya wani ya daki bayanka. To mutumin da aka daka ta baya, rashin ladabin me ya yi? In ka ce masa makin ladabinsa ya sauka, zai ji an zalunce shi sau biyu. Abin da lambar ke koyarwa shi ne ka hango mai ganganci tun daga nesa, ka ɗaga ƙafa, ka bar shi ya wuce ya je ya yi haɗarinsa shi kaɗai. Ni makin kiyayewa zan ce.

Ɗalibar Harshe: Na karɓi gyara, yaya. Daga wani wasan tseren, Gran Turismo, na ɗauko tunanin, can Sportsmanship Rating suke ce masa, kuma a wanda ya fito a 2017 sai ka kalli bidiyo biyu na ladabin tsere kafin a bar ka ka shiga gasar intanet.

Tsohon Sitiyari: To can ladabi ya dace, don sunan da suka ba shi ke nan. Haruffan ne iri ɗaya, SR da SR, ma'anar ta bambanta.

Malamin Nahawu: Ku dakata. Kuna ta maki, maki. Maki daga Turanci aka aro shi, direba ma haka. Muna da awo, muna da matuƙi. In kowace sabuwar kalma sai mun jingina ta da ta aro, me muka ƙirƙira ke nan? Na daɗe da shawara a kan wannan: kiyayau. Siffa ɗaya da makarau, mantau, fiddau. Kiyayau ɗinsa ya kai 3.50. Gajere ne, namu ne, ba ya bukatar rakiya. Na biyun kuma gwanintau.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, mantau da makarau ai mutum suke siffantawa, mai yawan mantuwa, mai yawan makara. In na ce kiyayau, mai sauraro zai ɗauka direban nake nufi, ba lambarsa ba.

Malamin Nahawu: Sai a koya masa. Kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka haife ta. Wa ya san na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin a fara faɗinta a rediyo?

Mai Gyaran Sauti: Kuma yau kwamfuta kowa ke cewa, Malam. Ni a ganina a bar wahalar nan. Duk wanda ke tseren nan es-ar yake cewa, ai-retin yake cewa. Yana buɗe manhajar, abin da zai gani a rubuce ke nan. Wanda ka koya wa kiyayau zai shiga tsere da mutanen Jamus da Brazil, ba wanda zai fahimce shi.

Malamin Nahawu: Wannan magana ita ke kashe harshe. Bafaranshe yana kiran tutar shuɗi ta tsere da harshensa, Bajamushe haka, ba wanda ya ce sun ci baya. Mu ne kullum muke jin kunyar namu. Miliyoyin mutane ke magana da Hausa, a ce ba za ta iya ba lamba biyu suna ba?

Mai Gyaran Sauti: Ba kunya ba ce. Ni ma da Hausa nake mafarki. Amma mota, birki, kwana, giya, taya, duk na aro ne, kuma ba wanda ya isa ya ce ba Hausa ba ne yanzu. Ladabin da kuka amince da shi ma daga Larabci ya zo.

Malamin Nahawu: Aron da ya shekara ɗari a gida ya zama ɗan gida. Wanda ake shigo da shi yau da gangan alhali muna da namu, shi nake ƙi.

Ɗalibar Harshe: To maki ma ai ya daɗe, Malam. Duk wanda ya zauna a aji ya san shi.

Mai Fassara: Don Allah mu dawo kan aiki, kwana uku suka rage mini. Yaya Tsohon Sitiyari, gwaninta ta cika ma'anar iRating kuwa?

Tsohon Sitiyari: Ta kusa, ba ta cika ba. Tsarin ɗan'uwan na Elo ne da ake auna 'yan wasan dara na ches da shi. Ba gudunka ake aunawa kai tsaye ba, matsayin da ka ƙare ake dubawa, da ƙarfin waɗanda kuka kara. Ka wuce wanda ya fi ka lamba, ka samu da yawa. Wanda bai kai ka ba ya wuce ka, ka yi asara da yawa. Da lambar ce kuma ake raba mutane rukuni-rukuni in sun yi yawa, don kowa ya kara da tsaransa. Shi ya sa na so a ce makin tsara, amma na san za a ji kamar shekaru ake nufi. A bar gwaninta. Abin da nake roƙo shi ne ka bayyana a bidiyon cewa lambobin biyu ba sa maye gurbin juna. Na sha ganin mai gudu kamar iska wanda ba ya gama zagaye biyar bai taɓa wani ba, na kuma ga mai 4.99 da ke bin baya yana lallaɓawa don kada lambarsa ta taɓu. Dukansu ba su iya tsere ba tukuna. Wanda ya iya shi ne za ku shiga kwana kafaɗa da kafaɗa, ya bar maka faɗin mota ɗaya, ku fito tare.

Mai Fassara: Wannan zan saka yadda ka faɗe shi. Saura ɗaya da na manta: mutumin da ke baya can nesa, ya ƙi taka birki da wuri, ya afka cikin kwana ta ciki yana fatan a kauce masa. Irin abin da ake gani kullum a kwanar farko ta titin tseren Monza na Italiya.

Ɗalibar Harshe: Kutse.

Mai Gyaran Sauti: Kutse ya riga ya tafi wajen masu fasa asusun mutane a intanet. Cusa kai.

Tsohon Sitiyari: Cusa kai ya yi, don har da rashin gayyata a cikinsa. Ka haɗa da sauran da muke da su tun tuni: ba da hannu in an ɗaga maka shuɗiyar tuta don wanda ya fi ka da zagaye guda ya kamo ka, duba hanya kafin ka dawo titi in ka sauka, in kuma kai ka ture mutum ka jira shi ka mayar masa da matsayinsa. Ramuwa da gangan kuwa ba maganar maki ba ce, ƙara ake shigarwa, ana iya dakatar da mutum.

Malamin Nahawu: Cusa kai Hausa ce tsantsa, ban da ja. Makin kiyayewa kuwa ban yarda ba, awon kiyayewa ya fi. Amma aikinka ne, ɗana.

Mai Fassara: Na gode, Malam. Ga abin da zan yi: karon farko zan ambaci sunan da ke cikin manhajar sau ɗaya don su gane shi in sun gani, daga nan makin kiyayewa da makin gwaninta har ƙarshe. Ladabin tsere da cusa kai sun zauna. Direba zan ce a wasu wurare, matuƙi a wasu.

Malamin Nahawu: Ko sau ɗaya ne ka saka awo a ciki, a ji yadda zai faɗa a kunne. Kiyayau kuma ban janye shi ba.