Muhawara: Wai kayan sautin yanzu duk jabu ne?

Dattijon Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙorafi na kawo, kuma ba zan ɓoye muku cewa raina a ɓace yake ba. Amfilifayata ƙirar Japan, wadda nake tare da ita tun ina saurayi, ta fara ƙugi ko ba a sa mata komai ba, ɓangaren hagu kuma yana ɗaukewa, sai yara suka matsa mini lamba in jingine ta in sayi na zamani. Na je wani shago aka nuna mini saiti mai sifika biyar da akwatin bes, an rubuta wat 5,000 da manyan haruffa a jikin kwalin. Da na kawo shi gida na sa masa kiɗan kalangu, ba abin da ya fito sai dum-dum mai girgiza taga, muryar mawaƙi ta nutse, zaƙin kalangun da ake ji idan makaɗi ya matse tsirkiya kuwa babu shi sam. Tsohuwar tawa wat 40 ce kacal a kowane ɓangare, amma ban taɓa kai maɓallinta rabi ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na juya bayan sabon, sai na ga an rubuta cewa wutar da yake ci wat 60 ce. Ta yaya abin da ke cin 60 zai fitar da 5,000? Ni dai na yanke hukunci cewa kayan sautin da ake yi yanzu duk jabu ne.

Mai Shagon Lantarki: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, amma kalmar jabu ta yi nauyi, domin ta shafi mutuncin mu da muke cin abinci da wannan sana'a. Jabu shi ne a ƙera abu a ɓoye a manna masa sunan wani kamfani don a yaudari mai saye. Kayan da muke sarowa suna da sunan kansu, suna shigowa ta tashar jirgin ruwa da takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, kuma muna ba da rasit. Ba ka faɗa mana nawa ka biya ba, mun kuma san araha ba ta ado. Idan mutum ya zaɓi mafi sauƙin kuɗi a shago, bai kamata ya dawo ya ce kasuwa duka jabu ce ba.

Dattijon Tudun Wada: Malam, ban kira sunan shagonka ba, ban kuma san inda yake ba. Abin da aka rubuta ƙarya a jikinsa, da wane suna kake so in kira shi?

Injiniya: Alhaji, tambayarka ta farko tana da amsa, kuma gara a ba da ita kafin a yi nisa. Idan ka sake duba kwalin, ina kyautata zaton za ka ga haruffan PMPO kusa da wannan 5,000. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da masu ƙera kaya suka amince da ita, kowane kamfani yana lissafa shi yadda ya ga dama, wani ma yakan tara na dukkan sifikun ya sake ninkawa. Awon da ake dogara da shi shi ne wanda ake rubuta RMS a gefensa, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da sautin ya gurɓace ba. Irin wannan zuzuta lamba ce ta sa hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a 1974 cewa dole a bayyana wannan ƙarfi na a kai a kai, shi ya sa wat 40 na wancan zamani wat 40 ne na gaske. Na'urar da ke jan wat 60 daga bango ba za ta iya ba sifika fiye da 60 a kai a kai ba, hasali ma ba za ta kai ba, tunda wani kaso yana tafiya a zafi. Sannan wat ba shi kaɗai ne ƙara ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), sai an ninka shi kusan sau goma kunne ke jin ƙarar ta ninku. Sifikar da ke ba da desibel 90 da wat ɗaya, idan aka jera ta da mai ba da 84, ta biyun tana bukatar wat huɗu kafin ta kamo ta. Saboda haka abin da aka sayar maka zuzutawa ce a rubutu, amma a ma'anar da mai shago ya bayar, ba jabu ba ne.

Mai Shagon Lantarki: Madalla, Injiniya ya raba gardama: ba jabu ba ne.

Injiniya: Malam, kada ka ɗauki wutsiyar maganata ka bar kanta. Na ce lambar da ke kan kwalin ba gaskiya ba ce, ku kuma da ita kuke tallar kayan.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Ni ina tare da Alhaji, kuma kalmar jabu ta zauna daidai. Mai awon da ya cusa ƙyalle a gindin mudu bai saci sunan kowa ba, amma ba wanda zai ce mudunsa na gaskiya ne. Mu da muka yi aiki da injinan Akai masu zaren tef, muka ga Sansui da Pioneer da Kenwood na Japan a ɗakunan ma'aikata, mun san nauyin kaya. Amfilifaya ta gaske sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga ta, saboda tiransifomar da ke cikinta ƙarfe ce da tagulla. Na yanzu yaro ɗan shekara biyar zai ɗauka da hannu ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗalibi: Baba, da girmamawa, nauyi ba shi ne inganci ba. Tsofaffin amfilifayoyi suna da nauyi ne saboda tsarinsu yana ɓarnar wuta, kusan rabin abin da suka ja yana zama zafi, dole a sa musu babbar tiransifoma da ƙarafan sanyaya. Na yanzu da ake kira aji D suna mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar zuwa sifika, shi ya sa ba su da nauyi, kuma su ne za ka iya kunnawa da sola da inbata ba tare da batir ya ƙare kafin isha'i ba. Ni kalmar da ta dame ni a maganar Alhaji ita ce duk. A wancan zamanin ma an yi tarkace da yawa, sai dai sun riga sun mutu an zubar, masu kyaun ne suka rage kuke gani. Kuma tunda ana maganar suna, kamfanin Sansui na asali ya durƙushe a 2014, Akai ma ya daɗe da faɗuwa, sunayen sun koma hannun wasu da ke da izinin amfani da su. To abin da ke ɗauke da wannan suna a yau bisa doka, jabu ne ko na asali?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Ɗana, abin da ka karanta a waya kake faɗa, mu kuwa abin da muka taɓa da hannu muke faɗa. Sunan da aka saya da kuɗi ba ya mayar da kaya na asali.

Mai Shagon Lantarki: To ga shi an canza wa jabu ma'ana a karo na uku. Da farko satar suna ce, sai ta koma ƙarya a rubutu, yanzu kuma har wanda ya sayi suna da kuɗinsa ya zama mai jabu.

Lauya: Ni ban yarda da ɗora komai a kan Japan ba. Wanda ya san sauti ya san cewa Ingila ce gidan sifika, ku tambayi duk wanda ya taɓa zama gaban Wharfedale ko Tannoy. Amfilifayar NAD 3020 da ta fito a 1978 wat 20 kacal aka rubuta mata a kowane ɓangare, kamfanin kuma a Landan aka kafa shi, amma har yau ana nemanta a kasuwannin gwanjo na duniya. Kayan Japan suna da ƙyalli da yawan maɓallai, na Ingila kuwa kunne aka yi wa. Abin da ya lalata kasuwa shi ne kayan Sin.

Ɗalibi: Yallaɓai, ita wannan NAD ɗin a Taiwan aka ƙera ta, Wharfedale kuma yanzu galibi a ƙasar Sin ake yin ta. Masana'antun Sin suna yin na dubu goma suna yin na miliyan goma, abin da ɗan kasuwa ya yi oda shi ake zuba masa a kwantena.

Lauya: Inda aka zana abu daban, inda aka ɗaura masa kusoshi daban. Kada ka haɗa mini su.

Ɗan Maradi: Ina gaida manya. Tunda ana yabon tsoffin kaya, bari in ja kunnen masu sayen na hannu, ko daga Kwatano ko daga Alaba. Kuran Japan, wato wutar lantarkinsu, bolt 100 ne, na Amurka 120, namu nan Nijar da naku Nijeriya kuwa tsakanin 220 da 230 ne. Wanda ya jona kayan da aka yi wa kasuwar Japan kai tsaye ba tare da tiransifomar rage ƙarfi ba, hayaƙi zai gani. Akwai kuma garmahon Amurka mai bel wanda injinsa ke bin bugun kuran: an yi shi don bugu 60 a daƙiƙa, namu 50 ne, sai faifan ya riƙa juyawa da nawa har muryar mace ta yi kauri. Mutum ya sayi irin wannan ya ce an sayar masa da jabu, alhali na asali ne, wurinsa ne bai dace ba.

Hajiya Mai Faifai: Gaskiyarka ƙanena, shi ya sa ni Technics nake amfani da ita, wadda injinta ke juya farantin kai tsaye. Amma ni a ganina duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Jabun gaske ba a amfilifaya yake ba, a abin da ake zuba mata yake. Faya-fayen da na gada daga mahaifina, idan allura ta sauka a kansu, kukuma tana fitowa da jikinta. Waƙar waya kuwa an matse ta an zubar da rabinta.

Ɗalibi: Hajiya, a kan matsewa kina da gaskiya, domin MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa bai kai kashi ɗaya cikin goma na 1,411 da CD ke ɗauka ba, Bluetooth ma yana ƙara matse shi. Amma wannan ba ya nufin faifan garmaho ya fi. CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, wanda ya isa ya kama duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji har zuwa bugu 20,000 a daƙiƙa, tazarar da ke tsakanin shirunsa da ƙararsa kuma ta kai desibel 96, faifai kuwa da wuya ya wuce 70. Ga ƙurar hunturu da ke cika layukansa, ga zafin bazara da ke lanƙwasa shi. Ina ma zargin Alhaji ta Bluetooth ya gwada sabon saitin, da waƙar da ta yi yawo a WhatsApp.

Dattijon Tudun Wada: Yaro, yanzu kuma kunnena kake tuhuma ko hankalina? Tun ba a haife ka ba nake sauraren kalangu.

Hajiya Mai Faifai: Ƙurar hunturu matsalata ce, ina da burushi da kabad. Lambobinka ba su taɓa sa ni hawaye ba, faifan mahaifina kuwa ya sa.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Ya kamata shugaba ya duba yadda yara ke yi wa manya magana a zauren nan.

Ɗalibi: Alhaji, ka gafarce ni, ban yi nufin raini ba. Tambaya ce kawai: da me aka gwada?

Injiniya: Kafin a rufe, Alhaji, kada ka yar da tsohuwar amfilifayarka. Ƙugin nan galibi daga manyan kafasitocin da ke tace wuta yake, ruwan cikinsu yana bushewa da shekaru, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta hakan. Ɗaukewar ɓangare ɗaya yawanci datti ne a maɓallin ƙara ko a makunni. Mai gyara da ya san aikinsa zai canza su ya wanke maɓallan, ka kuma haɗa ta da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta.

Shugaban Zaure: Jama'a, muhawara ta yi tsawo, bari in taƙaita abin da aka cimma. Mafi yawan waɗanda suka yi magana, musamman masu shekaru da gogewa, sun tabbatar da cewa tsoffin kaya sun fi na yanzu, Injiniya ma ya kawo hujjar ilimi a kan haka, har ya ba da shawarar a gyara tsohuwar maimakon a dogara da sabuwar. Kalmar jabu ta tsaya kamar yadda Alhaji ya faɗe ta, tunda mai shago bai musanta cewa lambar kan kwali ƙarya ce ba. Ɗalibinmu ya kawo lissafi mai yawa, muna yaba ƙoƙarinsa, amma sauti da kunne ake jinsa, muna kuma roƙonsa ya riƙa tausasa harshe. Maganar Ingila da Japan an bar ta sai wani zama, kodayake kowa ya san inda Pioneer ta fito. Na rufe wannan batu daga nan. Masu tambayata a keɓe kuma su sani cewa amfilifayoyin Japan na hannu da nake jira sun iso, duk an canza musu kafasita an gwada su da wutarmu, mai bukata ya same ni a shago bayan la'asar.